Zaman Dangin Barewa a Gandun Daji na W

 

A cikin ɗan littafinmu na bana mun zaɓi mu yi bayani bisa wasu namun daji waɗanda sunayensu ke yawo a bakin kakanninmu, amma da yawa cikinmu ba mu taɓa sa su a ido ba. Su ne gwanki, kanki, mariya, gwambaza, mazo, batsiya, kwanta-rafi da gada. Dukansu dangin barewa ne. Abin da ya ja hankalinmu gare su darasin tafsiri ne, inda aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye su ma al'ummomi ne. To, in dai al'umma ce ai sai da tsari: wa ke zama da wa, wa ke gaba, yaya ake renon ƙanana, yaya ake tsare kai daga maƙiyi. Tambayar da za mu bi ita ce wannan: me ya sa gada take rayuwa ita kaɗai, gwanki kuwa ba ya rabuwa da garke, alhali dajinsu ɗaya?

Ina ne gandun W yake?

Gandun yana kudu maso yammacin ƙasarmu Nijar, cikin jihar Tillaberi, kamar kilomita 150 kudu da Yamai. A wurin Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya yi lanƙwasa har ya zana siffar harafin boko W, wanda ƴan lakwal ke kira dublu-ve. Daga nan sunan ya samo asali. Dajin ya ratsa ƙasashe uku, Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma kason Nijar ya kai hekta 220,000. An mai da shi gandun ƙasa a 1954. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gadon duniya a 1996, sannan a 2017 aka haɗa shi da gandun Arli na Burkina da na Panjari na Benin a ƙarƙashin suna guda.

Ban da babban kogi, akwai ƙananan koguna biyu da rayuwar dajin ta rataya a kansu, Tapowa da Mekuru. Akwai giwa da ɓauna da zaki da damisa da kura da gwaggon biri, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma a wannan yanki suke. Zaki kuwa ba ya cin ciyawa, kun ga ke nan in babu dangin barewa shi ma ba zai zauna ba.

Abin da ya haɗa su

Duk waɗannan dabbobi masu rababben kofato ne kuma masu tuƙa, kamar dai akuya da saniya. Cikinsu ɗaki huɗu ne. Dabba takan yi sauri ta cika tumbi a fili, inda haɗari yake, sannan ta koma inuwa ta dawo da abincin baki ta sake tauna shi a natse. Ƙahonsu ƙashi ne daga ciki da kube mai tauri daga waje, ba ya reshe, ba ya kuma zubewa duk shekara. A wajen gwanki da kanki, mace da namiji duk suna da ƙaho. A wajen mariya da gwambaza da mazo da batsiya da kwanta-rafi, namiji kaɗai ke da shi. Idanunsu a gefen kai suke, don haka dabba tana kiwo tana hangen kusan duk abin da ke kewaye da ita.

Ciki ne ke tsara zama

A 1974 wani masanin dabbobi mai suna Peter Jarman ya tattara bayanin dangin barewa na Afirka, ya nuna cewa girman jiki da irin abincin da dabba ke ci su ne ke yanke irin zaman da take yi. Bayanin ba wuya gare shi ba.

Ƙaramar dabba kamar gada cikinta ƙarami ne, jikinta kuma yana saurin ƙone abinci. Dole ta zaɓi mai kyau: ɗanyen toho, fure, ƴaƴan itacen da suka faɗo. Irin wannan abinci a warwatse yake, ɗaya nan ɗaya can, kuma wadda ta riga ta tsinke shi ta bar ta baya da wofi. Yo ina amfanin tafiya da ayari a wajen tsintuwa? Shi ya sa take zama ita kaɗai, ta san lungunan wurinta sarai, in maƙiyi ya zo ta ɓuya.

Babbar dabba kamar gwanki kuwa tana iya cin ciyawa mai yawa ko da ba ta da daɗi sosai, domin babban tumbi yana riƙe ta ya narka ta a hankali. Ciyawa shimfiɗe take ko'ina, goma za su ci ba tare da na gaba ya cuci na baya ba. Ga shi kuma a fili babu wurin ɓuya ga mai irin wannan jiki. Sai taro ya zama shi ne garkuwa. Sauran dabbobin suna tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kowa gwargwadon jikinsa da cimarsa.

Masu zaman kaɗaici

Gada ba ta fi ƙaramar akuya ba, tana da ɗan tukku tsakanin ƙahoni. Tana cin ganye da ƴaƴan itace, wani lokaci har da ƙwari, kuma tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba saboda danshin da ke cikin abincinta. In ta ji motsi sai ta lafe. Sai an kusa taka ta take zabura, ta yi ta karkace-karkace ta faɗa cikin duhuwa. A gaban kowane idonta akwai wata ƴar tsaga mai fitar da maiƙo mai wari, da shi take shafa wa rassa alama, wata gada in ta sansana ta san wurin da mai shi.

Mazo ya fi son sarƙaƙiyar bakin ruwa. Jikinsa ja ne da fararen zane da ɗige-ɗige, in ya tsaya cik a inuwar ganye sai ya saje da hasken da ke ratsowa. Ya fi fitowa da dare da sassafe. In ya tsorata yakan yi haushi kamar kare. Yana da wata dabara: yakan bi ƙarƙashin itacen da birai ke ci, ya riƙa tsintar abin da suka zubar.

Batsiya ta ɗan fi su son zumunci. Akan gan ta bibbiyu, ko namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Ana gane ta da baƙin tabo a ƙarƙashin kunne. Namijin yakan wuni yana zagaya wurinsa yana shafa maiƙon idonsa a kan karan ciyawa. Iyalin kuma suna da juji na musamman inda suke kashi, macen ta fara, namijin ya zo ya yi nasa a kai. Kwanta-rafi kuwa sunansa ya gama bayaninsa: da rana yana kwance cikin dogayen ciyayin fadama, in an tashe shi ya yi fito mai ƙarfi ya ruga.

Gwanki: garke mai uwa

Gwanki na cikin mafiya girma a dangin barewa na Afirka. Babban namiji yakan kai kilo 250 zuwa 300. Fuskarsa baƙi da fari ce kamar an yi masa kwalliya, kunnuwansa dogaye masu tuntu, ƙahoninsa sun lanƙwashe baya.

Garken gwanki yawanci mata ne biyar zuwa goma sha biyar da ɗiyansu, da babban namiji guda. Wanda ya hango su zai ce namijin ne shugaba, amma a wajen tafiya ba haka abin yake ba. Matan suna da jerin girma a tsakaninsu, kuma babbar cikinsu ce ke jan garke zuwa kiwo da mashaya. Ita ta daɗe a wurin, ta san tabkin da ba ya saurin ƙafewa. Ƴaƴa mata sukan zauna a garken da aka haife su, ke nan garken uwa ne da ɗiya da jika. Aikin namiji shi ne hana wani namiji kusantar su duk inda suka sa gaba.

Ƴan maza kuwa, da sun kai shekara biyu zuwa uku sai babban ya kore su. Sukan haɗu su yi nasu garke na samari, suna gwada ƙarfi da juna, kowa ya san matsayinsa, har ranar da ɗaya zai ƙosa ya je ya ƙalubalanci mai garke. Faɗan gwanki a durƙushe ake yin sa. Kowa ya sa gwiwoyin gaba a ƙasa, a haɗa goshi, a yi ta turereniya da karon ƙaho. Galibi wanda ya ji ba zai iya ba sai ya janye a ƙyale shi. Amma in maƙiyi ne ya ritsa shi, ko maharbi ya yi masa rauni, to gwanki abin tsoro ne, har zaki yana shakkar ƙahonsa. Ba banza ba maharba suka yi masa kirari da gwanki sha bara.

Kanki da suri

Kanki yana da doguwar fuska, kafaɗunsa sun fi ƙugunsa tudu, in ka gan shi kamar ba zai iya gudu ba. Nan kuwa yana kai kusan kilomita 70 a awa, ga juriya. Dogon bakinsa yana ba shi damar zaƙulo ɗanyen ganye daga cikin busasshiyar ciyawa, shi ya sa rani bai cika kayar da shi da wuri ba.

Bambancinsa da gwanki shi ne, namijin kanki ƙasa yake tsaro. Yakan kama fili, ya tara kashi a wasu wurare ya zama shaida, ya goga fuskarsa da ƙahonsa a ƙasa. Sannan ya hau kan suri ya tsaya ƙiƙam. Hawan surin nan aiki biyu yake yi: yana hango maƙiyi daga nesa, sauran maza kuma suna hango shi su san fili da mai shi. Garken mata yana ratsa filayen maza yadda ya ga dama, kowane namiji yana ƙoƙarin tsayar da su a nasa. Ɗan kanki namiji yakan daɗe yana bin uwarsa, har ya haura shekara biyu. In sun shiga filin wani babba, sai ɗan ya sunkuyar da kai ya nuna ladabi, uwar kuma ta tsaya masa.

Mariya da dandalin maza

Mariya ja ce mai sheƙi, ba ta nisa da ruwa, ta fi son gajeriyar ɗanyar ciyawar fadama. Matan suna yawo a garke marar tsayayyen shugaba, yau a haɗu gobe a rabu. A inda mariya ba ta da yawa, kowane babban namiji yakan riƙe fili mai faɗi shi kaɗai.

A inda suka yi yawa ƙwarai kuwa, akan ga abin mamaki, wanda aka fara bayyanawa a ƙasar Yuganda a 1961. Maza talatin zuwa arba'in sukan taru a dandali guda, kowa ya kama ɗan da'irar da ba ta fi mita 15 zuwa 35 ba, kamar rumfunan kasuwa. Ba abinci a wurin, don an tattake ciyawar. Macen da ta isa barbara ita ke zuwa da ƙafarta, ta wuce na gefe, ta nufi na tsakiya. Saboda haka tsakiyar nan ake yi wa faɗa, kuma mai riƙe da ita ba ya wuce ƴan kwanaki, yunwa da ƙishirwa da gajiya za su fitar da shi wani ya maye. Masu bincike sun taɓa kwashe ƙasar da'irar da mata suka fi zuwa suka zuba a wadda ba a zuwa, sai ga mata sun koma can. Ashe warin da matan baya suka bari a ƙasa yana cikin abin da ke jan na bayansu.

Akwai darasi mai nauyi a nan. A gandun Komowe na ƙasar Kodebuwa an ga irin wannan dandali a da, amma da farauta ta rage yawan mariya sai ya watse. Ke nan tun kafin dabba ta ƙare ƙurmus, tsarin zamanta yakan riga ta mutuwa.

Maƙwabcin mariya a bakin ruwa shi ne gwambaza, mai dogon gashi da maiƙo mai wari. In an matsa masa yakan faɗa cikin ruwa. Namijinsa yana tsaron fili, amma wani lokaci yakan bar ƙaramin namiji ya zauna tare da shi muddin yana nuna biyayya, har ya taya shi korar baƙi.

Ɗan da aka ɓoye

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, ɗan yana miƙewa tsaye jim kaɗan bayan haihuwa. Amma kafin ya iya tsere wa kura da sauran lokaci. Gwanki yana ɗaukar ciki kamar wata tara, ya haifi ɗa guda. Uwar takan ware daga garke ta haihu, ta lashe ɗan tas, sannan ya kwanta cikin ciyawa ya yi lamo, ita kuma ta yi nisa da shi. Takan dawo safe da yamma ta shayar da shi, ta lashe fitsarinsa da kashinsa don kada wari ya tona asiri. Haka za a yi makonni kafin ya shiga garke, inda ƙanana ke taruwa wuri guda suna wasa. Mariya da mazo da batsiya da gada da barewa duk haka suke yi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaro yakan je itace ko kiwo ya tarar da ɗan barewa ko ɗan gada kwance shi kaɗai, ya ce wayyo maraya ne, ya ɗauko shi ya kawo gida. Ba maraya ba ne fa. Uwarsa na nan kusa tana jiran a tafi. Ɗaukar sa raba ɗa da uwa ne, kuma da yawa cikin waɗanda ake kawowa gida ba sa rayuwa.

Yadda suke tsare kansu

A cikin garke, yayin da wasu suka sunkuya kiwo wasu kansu a sama yake, don haka kowa yana samun lokacin ci fiye da in shi kaɗai ne. Kowane iri da irin gargaɗinsa: gwanki da kanki huci, mariya da batsiya fito, mazo haushi. Suna kuma gane gargaɗin junansu, har da na birai da na carki, tsuntsun nan da ke hawa bayansu yana cire musu kaska. Batsiya da barewa sukan yi wani tsalle sama da ƙafafu huɗu a sandare yayin gudu. Masana da yawa suna ganin saƙo ne ga mai binsu, cewa lafiyata ƙalau, kada ka ɓata ƙarfinka.

Da damina ruwa da ciyawa ko'ina, sai dabbobi su bazu. Da rani kuwa tabkuna suna ƙafewa, sai kowa ya gangaro bakin Tapowa da Mekuru da babban kogi, zaki ma can yake jiran su. Shi ya sa gwanki ba ya faɗa wa ruwa kai tsaye, sai ya tsaya nesa ya daɗe yana nazari. A farkon rani ma'aikatan daji sukan sa wuta da gangan tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, don ta ci sama-sama, sabon toho ya fito, a kuma kauce wa muguwar gobarar tsakiyar rani.

Abin da ke neman raba mu da su

Farautar sata tana nan, da bindiga da tarko. Gonaki suna matsowa bakin gandu. Makiyaya kuma, da burtali da makiyaya suka ƙuntata, sukan kutsa da shanu ciki, a yi ta gasar ciyawa da ruwa. Ga rashin tsaron ƴan shekarun nan, wanda ya hana baƙi zuwa, ya kuma sa aikin ma'aikatan daji ya zama na sai da rai. Dari, ɗan uwan kanki, ya riga ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin.

Mun ga abin da ya faru a arewa. Mena, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta ari sunanta, ƴan ƙalilan ne suka rage a duwatsun Termit da Ayar. Mariri, fari mai dogon ƙaho kamar takobi, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji baki ɗaya. Sai a 2016 aka fara mai da waɗanda aka rena a hannu cikin wani gandu a Cadi, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Gyara yana yiwuwa ke nan, amma da tsada da wahala. Riga-kafi ya fi magani.

Me ya rage gare mu?

Naman waɗannan dabbobi halal ne, farauta kuma tana da babinta a fiƙihu. Amma Risala da muke karantawa ta bambanta farautar buƙata, wadda aka halatta, da farautar wasa, wadda aka karhanta. Hadisi ya hana a mai da abu mai rai abin gwada harbi. Keɓe wuri ma ba baƙon abu ba ne a Musulunci: an haramta farauta a hurumin Makka da na Madina, Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza, duk don maslahar jama'a. Dokar farauta ta ƙasarmu, ta 1998, ita ma ta hana kisan namun daji a cikin gandu.

Abin da muke roƙo kaɗan ne, kuma kowa na iyawa. Ɗan uwa, in ka tarar da ɗan barewa a kwance, bar shi inda yake. Kada mu sayi naman daji da ba mu san ta inda ya fito ba, domin mai saye shi ke aika maharbi. Kada mu sa wa daji wuta don kamun ɓera ko zomo. Iyayenmu maharba, ku da kuka fi kowa sanin dawa, a tausaya wa mai ciki da mai shayarwa. Mu kuma ɗalibai mu zauna da tsofaffinmu mu rubuta sunayen namun daji da halayensu da kirarinsu tun masu sanin suna raye.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya sa mu cikin masu riƙon amanar abin da Ya halitta. Amin.

Daga ɗaliban aji na biyar